Hanyar Bas Ta Riga Gari Zuwa: Nazarin Wani Sabon Gari a Gabashin Ingila, 2001 zuwa 2025

Tushen lamarin

Wurin da ake magana a kai fili ne mai tazarar kusan kilomita 8 arewa maso yamma da birnin Cambridge a Ingila. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sansanin jiragen yaƙi ne, daga baya ya koma barikin soja, sannan daga shekarar 2000 zuwa 2010 aka riƙa ajiye masu neman mafaka a wani sashe nasa. A gefensa akwai filin wasan golf da gonaki da ƙauyuka biyu. A nan ne hukumomin yankin suka tsayar da shawarar kafa sabon gari mai suna Northstowe, mai gidaje wajen 10,000, wanda in ya cika zai ɗauki mutum kimanin 25,000.

Abin da ya tilasta musu shi ne bunƙasar Cambridge kanta. Jami'a na nan, kamfanonin kimiyya da na kwamfuta suna ta buɗewa a arewacin birnin, babban asibitin Addenbrooke's da cibiyoyin binciken magunguna suna kudu. Aiki ya yi yawa, gidaje ba su ƙaru daidai da shi ba, domin birnin zagaye yake da wani yanki na gonaki da doka ta hana gini a cikinsa. Farashin gida ya gagari malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya, sai suka koma garuruwan nesa suna shigowa da mota kowace safiya. Yawancinsu kuma hanya ɗaya suke bi, wato A14, wadda ita ce kuma ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Felixstowe zuwa tsakiyar ƙasar. Kafin a faɗaɗa ta, tsakanin Cambridge da garin Huntingdon motoci wajen 85,000 ke binta a rana, kusan ɗaya cikin huɗu tireloli ne. Tirela ɗaya ta lalace, safiyar dubban mutane ta ɓaci.

Kafin a shiga labarin, akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe.

Na farko, iko a rarrabe yake. Ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin gini. Majalisar gunduma, wadda ke sama da ita, ita ke da hanyoyin cikin gunduma da makarantu, kuma a farkon wannan labari ita ke da harkar bas. Ita kuwa A14 ba ta ɗayansu ba ce, ta gwamnatin tsakiya ce da ke Landan, a ƙarƙashin hukumar manyan hanyoyi. Ke nan mai ba da izinin gidaje daban, mai gina hanyar da za ta kai ga gidajen daban, mai babbar hanyar da duk za su zuba a cikinta shi ma daban.

Na biyu, hanyar da ake karɓar kuɗi daga magina. A dokar tsara birane da karkara ta 1990 akwai Sashe na 106, wanda ya ba hukuma damar ƙulla yarjejeniya da kamfanin da ke neman izinin gini: za mu ba ka izini, amma kai ma ka ɗauki nauyin abin da gidajenka za su jawo, ko makaranta, ko asibiti, ko gyaran mahaɗar hanya. Yarjejeniyar tana bin filin ne, ko an sayar da shi wa wani. Sai dai ba a biyan kuɗin gaba ɗaya ranar sa hannu. Ana ɗaura shi a kan matakai: in an shiga gida na kaza a biya kaza, in an kai na kaza a biya kaza. In gini ya tsaya, biya ma ya tsaya.

2001 zuwa 2006: shiri a takarda

A 2001 wani binciken da gwamnati ta sa aka yi kan zirga-zirga tsakanin Cambridge da Huntingdon ya ba da shawara biyu manya: a faɗaɗa A14, kuma a mai da tsohon layin dogon da ya haɗa Cambridge da garin St Ives hanyar bas ta musamman. Layin ya daina ɗaukar fasinja tun 1970, jirgin kaya mai jigilar yashi ne ya ci gaba da binsa zuwa 1992, daga nan ciyawa ta cinye shi. Kuma yana ratsawa ta gefen filin da aka zaɓa domin sabon garin. A 2003 tsarin raya gunduma ya tabbatar da wurin, da sa ran dubban gidaje za su tsaya kafin 2016.

Irin hanyar da aka zaɓa ba kwalta ba ce. Dogayen sandunan kankare ne guda biyu a jere, kowane da ɗan gefe a tsaye. Bas ɗin yana da wasu ƙananan tayoyi a kwance kusa da tayoyin gaba, su ke manne wa gefen kankaren suna juya sitiyari, direba ba ya buƙatar riƙe shi sai ya sauka kan titin gari. Amfaninta, tana shiga siririn wurin da layin dogo ya bari, motocin gida ba sa iya hawa, kuma bas ɗaya zai ɗauko mutum daga tsakiyar gari, ya hau kankare ya yi gudu, ya sauka a wani garin ba tare da an canza mota ba.

Ba kowa ya yarda ba. Wata ƙungiyar mazauna ta dage a maido da jirgin ƙasa, suna cewa bas ɗin in ya shiga cikin Cambridge a cunkoso ɗaya zai maƙale da kowa. An yi zaman sauraron jama'a a 2004, gwamnati ta ba da izinin doka a Disamban 2005.

A 2006 aka ɗinke maganar kuɗi. An ƙiyasta aikin a kan fam miliyan 116.2. Ma'aikatar sufuri ta ɗauki miliyan 92.5. Ragowar miliyan 23.7 kuwa aka rubuta za ta fito daga magina ta hanyar Sashe na 106, wato daga sababbin unguwannin da za a gina a bakin hanyar, sabon garin nan shi ne babba a cikinsu. Abin da Landan ta yi alkawari ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa ko aiki ya ci fiye da ƙiyasi. Duk abin da ya haura, da duk abin da ya yi jinkirin shigowa, a wuyan majalisar gunduma yake.

Tunanin masu shirin a bayyane yake, ba a fafe gora ranar tafiya. Sun ga yadda ake gina unguwa a Ingila a cika ta da mutane, kowa ya sayi mota ya saba da ita, sannan bayan shekaru a kawo bas babu mai hawa. Suka ce a wannan karon bas ya riga mutane zuwa.

2007 zuwa 2010: aiki ya fara, kasuwa ta rushe

An fara aikin hanyar a Maris na 2007, da niyyar buɗewa a farkon 2009. A shekarar ta 2007 ƙaramar hukuma ta amince da tsarin yankin sabon garin, kuma a Disamba masu filin, wato wani kamfanin gidaje mai zaman kansa da hukumar filaye ta gwamnati, suka shigar da takardar neman izinin gidaje 9,500 a dunƙule.

Lokacin ya zo a karkace. A Satumban 2007 masu ajiya suka yi dogon layi a ƙofar bankin Northern Rock suna kwashe kuɗinsu. Shekara guda bayan haka bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, bashin sayen gida ya ƙafe a Birtaniya, magina suka ajiye kayan aiki. Takardar neman izinin ta zauna a ofis ba a yanke mata hukunci ba. Babu izini, babu yarjejeniyar Sashe na 106. Babu yarjejeniya, babu ko sisi daga sabon garin, alhali kuwa hanyar bas ɗin da aka ƙirga kuɗinsa a cikinta tana kan ginuwa, ɗan kwangila yana kawo takardar biya kowane wata.

Shi ma aikin kansa ya shiga matsala. Kwangilar irin wadda ake sa farashin da ake fata ce: majalisa tana biyan ainihin abin da aka kashe yayin da aiki ke tafiya, sai a ƙarshe a zauna a yi lissafi, in an haura farashin a raba asarar bisa ƙa'idar da aka rubuta, mafi yawan rarar tana kan ɗan kwangila. A takarda wannan kariya ce ga majalisa. A aikace kuwa ma'anarsa ita ce majalisa ta fara fitar da kuɗin tukuna, sannan ta bi ɗan kwangila ya maido mata. Da kashe kuɗi ya zarce abin da ke hannu, sai ta koma cin bashi, da ruwan da ke kansa.

2009 ta zo ta wuce ba a buɗe ba. A 2010 majalisa ta fito fili da jerin aibobin da ta ce sai an gyara kafin ta karɓi aiki: ruwa na yoyo ta mahaɗar gadar da ke kan kogin Great Ouse yana zuba a kan ƙarfe, filin ajiye motoci na St Ives yana tara ruwan sama, hanyar gefe da aka yi domin masu gyara da masu keke tana nutsewa in kogi ya cika, ga shakku a kan harsashin wasu wurare da tazarar da aka bari tsakanin sandunan kankare. Ɗan kwangila ya musa cewa wasunsu aibi ne. Majalisa tana yanke masa tarar jinkiri kusan fam 14,000 kowace rana, shi kuma yana cewa canje-canjen majalisa ne suka jawo jinkirin. Sababbin bas ɗin da kamfanonin sufuri suka riga suka saya domin hanyar suka koma bin tsohuwar A14 ɗin da aka ce za su guje wa.

Ana cikin haka sai ta Landan ta faɗo. Sabuwar gwamnatin haɗin gwiwa da ta hau a Mayun 2010 ta zo da tsuke bakin aljihu, kuma a bitar kashe kuɗi ta Oktoban shekarar ta soke aikin faɗaɗa A14, wanda kuɗinsa ya haura fam biliyan ɗaya. Wannan ya fi komai yi wa sabon garin illa. Duk lissafin zirga-zirgarsa an gina shi ne a kan cewa za a faɗaɗa hanyar. Hukumar manyan hanyoyi ba za ta bari a juye motocin gidaje 9,500 a kan hanyar da ta riga ta cika ba, ƙaramar hukuma kuma ba ta da ikon tsallake ta.

2011: buɗewa

Ɗan kwangila ya miƙa aiki a Afrilun 2011. Majalisa ta kawo wani kamfani ya yi gyare-gyare, aka buɗe hanyar ranar 7 ga Agusta, fiye da shekara biyu bayan lokacin da aka sa. Tsawon kankaren kilomita 25 ne, sashe ɗaya daga St Ives zuwa arewacin Cambridge, ɗaya daga tashar jirgin ƙasa ta birnin zuwa unguwar Trumpington da asibitin Addenbrooke's a kudu. A lokacin babu irinta mai tsawonta a duniya, ta zarce ta birnin Adelaide a Ostireliya.

An yi hasashen tafiye-tafiye miliyan 1.75 a shekarar farko. Aka samu miliyan 2.5. A filin sabon garin kuwa ko tubali ɗaya ba a ɗora ba. Masu hawan mutanen St Ives ne da Huntingdon da ƙauyukan da ke bakin layin, da waɗanda ke ajiye motarsu a manyan filayen da aka tanada su ƙarasa da bas, da ɗalibai, da ma'aikatan asibiti. Hanyar gefen nan da aka yi ta rigima a kanta ita ma ta zama babbar hanyar masu keke, duk da cewa wani sashenta bai daina nutsewa da hunturu ba.

2012 zuwa 2014: an yanka garin gida uku

Da aka ga ba za a iya ɗaga garin a dunƙule ba, sai aka sauya dabara. Aka raba shi kashi-kashi. Kashi na farko gidaje 1,500 ne a kan tsohon filin golf, adadin da lissafi ya nuna hanyoyin da ke akwai za su iya ɗauka da ƙananan gyare-gyare. An shigar da takardarsa a 2012, amma izinin bai fito ba sai Afrilun 2014, kuma yawancin wannan tsakani a kan teburin ciniki ya tafi.

Cinikin yana da ƙa'idarsa. Tun daga 2010 doka ta ce duk abin da hukuma za ta nema ta Sashe na 106 sai ya cika sharaɗi uku: ya zama wajibi kafin ginin ya karɓu, ya danganci ginin kai tsaye, kuma girmansa ya dace da girman ginin. A ɗaya ɓangaren kuma magini yana da hujjar da ake kira gwajin riba: ya kawo lissafin kuɗin fili da na gini da farashin da zai sayar, in ya nuna cewa bukatun hukuma za su cinye ribarsa har aikin ya gagara, dole hukuma ta rage. Bayan rushewar kasuwa wannan hujja ta yi ƙarfi ƙwarai. Majalisar gunduma ta zo da bukatar makarantu da hanyoyi, ƙaramar hukuma ta zo da ta gidaje masu rangwame da wuraren taro da filayen wasa, hukumar lafiya ta zo da tata, duk a kan tukunya ɗaya. Aka tashi a kan fam miliyan 30, da gidaje masu rangwame kashi 20 cikin ɗari, ƙasa da abin da manufar ƙaramar hukumar ta tanada. Abubuwan da ba a iya yi babu su, kamar makarantar firamare, su aka sa a gaba. Sauran aka tura su matakai na can baya.

A tsakiyar wannan ne aka rufe shari'ar farko. Majalisa ta kai ɗan kwangila kotu, shi ma ya shigar da tasa ƙarar, amma a Agustan 2013 suka sasanta kafin a fara sauraro. Kamfanin ya maido da fam miliyan 33. Da aka haɗa komai, har da kuɗin lauyoyi da na filaye da ruwan bashi, hanyar ta tsaya wa majalisa a kan fam miliyan 152, wato kusan miliyan 36 sama da ƙiyasin 2006.

2013 zuwa 2020: babbar hanya ta dawo

A 2012 gwamnati ta farfaɗo da aikin A14, amma da sharaɗin za a sa shingen karɓar kuɗi a sabon sashen. 'Yan kasuwa da masu tireloli, musamman na Suffolk inda tashar Felixstowe take, suka tayar da ƙura, suna cewa haraji ne aka ɗora wa yankinsu shi kaɗai. A Disamban 2013 aka janye batun shingen. Abin da ya rage a cikin yarjejeniyar shi ne gudummawar cikin gida: hukumomin yankin da ƙungiyar raya kasuwancinsa suka yi alkawarin fam miliyan 100 a cikin aikin da aka ƙiyasta a biliyan 1.5, za su biya sannu a hankali cikin shekara 25. Kason majalisar gunduma miliyan 25 ne. Baitulmali ya ɗauki sauran.

Izinin doka ya fito a Mayun 2016, aka fara aiki a Nuwamba, aka buɗe sabuwar hanyar da ta kewaye Huntingdon a Disamban 2019, aka kammala duka a Mayun 2020, watanni kafin wa'adi. Tsawonta mil 21.

Tun kafin a gama, tabbacin cewa za a yi ta ya isa ya kwance ƙullin. Kashi na biyu, gidaje 3,500 tare da tsakiyar garin, a kan tsohon filin jirgin da ke hannun hukumar gidaje ta gwamnati, ya sami izini a farkon 2017, da yarjejeniyar sama da fam miliyan 70, kuma shiga gidajensa a rataye take da gyaran A14. Da yake mai filin a nan gwamnati ce, ta iya fitar da kuɗin share fili da shimfiɗa manyan tituna tun kafin ta sayar da gida ko ɗaya, abin da kamfani mai bin bashin banki ba ya son yi. Kashi na uku, gidaje 5,000, ya sami amincewa a 2022.

2017 zuwa 2023: mutane sun tare

Iyalan farko sun shiga a 2017, shekara shida bayan buɗe hanyar bas, shekara goma sha huɗu bayan zaɓen wurin. Makarantar firamare tana jiransu, sakandare ta buɗe a 2019. A 2017 ɗin kuma aka buɗe sabuwar tashar jirgin ƙasa a arewacin Cambridge aka kuma haɗa ta da hanyar bas. Mai zama a sabon garin yana iya tafiya da ƙafa ko keke zuwa tashar bas da ke bakin garin, ya isa wurin aikinsa ba tare da ya taɓa A14 ba. Wannan ɓangaren shirin ya tabbata kamar yadda aka zana shi.

Wani ɓangaren bai tabbata ba. A 2023 jaridun ƙasar suka yi ta kawo labarin garin da ke da gidaje kusan 1,200 amma babu kanti, babu wurin shan shayi, babu asibitin unguwa. Mai son burodi ko madara sai ya je ƙauyen maƙwabta, kuma yawanci da mota yake zuwa. Dalilin na cikin yarjejeniyoyin: tsakiyar garin, inda manyan kantuna da cibiyar lafiya za su zauna, tana cikin kashi na biyu, matakan biyan ma a ɗaure suke da adadin gidajen da ba a kai ba. Masu kantuna kuma ba sa zuwa sai sun ƙirga kawuna. Bugu da ƙari, kuɗin da aka rubuta a 2014 domin ginin cibiyar taro da ɗakin wasanni bai ƙara isa ba da farashin kayan gini ya tashi. Ƙaramar hukuma ta karɓi nauyin ginin da kanta ta cika daga asusunta, ta kuma kafa wata cibiyar wucin gadi a 2023 domin mutane su sami inda za su haɗu kafin ta dindindin.

2020 zuwa 2025: lissafi na biyu

Sulhun 2013 kuɗin gini ya rufe, bai rufe maganar aibobi ba. Bayan buɗewa aka riƙa ganin sandunan kankare suna gocewa, abubuwan da aka ɗora su a kai suna zamewa, wasu wurare suna tsagewa. A 2020 majalisa ta sake shigar da ƙara tana neman kuɗin gyara, ɗan kwangila ya musa, aka kuma sasanta a wajen kotu a 2023.

Abu mafi nauyi ba na kuɗi ba ne. Mutum uku suka rasu a kan hanyar, a 2015 da 2018 da 2021: wata dattijuwa tana tsallakawa da dare, wani mai keke da ya faɗa gaban bas daga hanyar gefe, da wata mai tafiya a ƙasa. Hukumar kula da lafiya da tsaron wuraren aiki ta gurfanar da majalisar gunduma, ta nuna cewa sai a 2016, shekara biyar bayan buɗewa, aka fara yin tantance haɗarin hanyar, alhali bas na gudun da ya kai kilomita 90 a awa a gefen masu keke da masu ƙafa ba tare da shinge ba. Majalisa ta amsa laifi, kuma a Afrilun 2025 kotu ta ci ta tarar fam miliyan 6. An rage gudun bas, an shiga kafa shinge, wanda hakan ya ci wani abu daga saurin da tun farko shi ne hujjar gina hanyar.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Shawarar sa sufuri a gaban gidaje daidai ce, kuma hujjar tana nan a ƙasa: mutanen da suka tare a 2017 sun tarar da bas yana tafiya. Amma abin da ya ceci hanyar a shekaru shidan da ta yi tana jiran garin ba shi ne abin da aka gina ta dominsa ba. Ta tsira ne saboda an shimfiɗa ta tsakanin garuruwan da suke da mutane tun da can da wuraren aikin da suke da ma'aikata tun da can. Da reshe ne aka ja zuwa fili kawai, da bas ya yi shekara shida yana yawo babu kowa, kamfanonin sufuri su janye.

Inda shirin ya yi rauni shi ne fam miliyan 23.7 ɗin nan. Ba don magina sun ƙi biya ba, sai don an ɗauki kuɗin da ke zuwa bayan gidaje an jingina masa aikin da dole a yi kafin gidaje. A ƙiyasin 2006 an jera shi layi ɗaya da kuɗin ma'aikatar sufuri kamar nauyinsu ɗaya, alhali ɗaya alkawarin gwamnati ne mai rana, ɗayan kuwa ya dogara da kasuwar gidaje da izinin wata hukuma da kuma wata hanya da ke hannun hukuma ta uku. Majalisar gunduma ba ta riƙe da ko ɗaya daga cikin ukun, amma ita ce ta tsaya a matsayin mai cike giɓi. Salon kwangilar ya ninka wannan, domin shi ma yana cewa ki biya yanzu ki karɓa daga baya. Hukumar da kasafinta na kula da tsofaffi da yara da gyaran tituna ne ta zama bankin ɓangarori biyu a lokaci ɗaya.

A ganina soke A14 a 2010 ya fi rushewar kasuwa jinkirta garin. Kasuwa ta farfaɗo da kanta cikin 'yan shekaru, musamman a yanki irin na Cambridge inda neman gida bai taɓa yankewa ba. Hanyar kuwa babu adadin gidajen da Sashe na 106 zai tatsa ya biya fam biliyan 1.5. Gidaje 1,500 miliyan 30 suka bayar, wato fam 20,000 a kan kowane gida, kuma a cikinsa ne makaranta da komai za su fito. Ko an ninka wannan zuwa gidaje 10,000, miliyan 200 ke nan. Aiki mai girman A14 na baitulmali ne, kuma gudummawar miliyan 100 da yankin ya bayar amfaninta na siyasa ne fiye da na lissafi: ta ba ministoci abin da za su nuna lokacin da suka janye shingen karɓar kuɗi.

Yanka garin kashi uku ya fitar da shi daga tsaiko, wannan babu gardama. Kuɗinsa shi ne tsakiyar gari ta faɗa kashi na biyu, mutanen farko suka zauna a gefe suna jiran cibiyar da ba a gina ba, suka kuma koma ga motar da aka kashe fam miliyan 152 domin a raba su da ita, ba don zuwa aiki ba, don sayen cefane. Masu shirin sun auna tafiyar safiya zuwa ofis da kyau ƙwarai. Tafiyar yamma zuwa kanti da ta kai yaro wurin likita ba su sami irin wannan kulawa a matakan biyan ba, ga shi kuma adadin da aka rubuta ya tsufa kafin ranar kashe shi ta zo.

Batun rayukan da aka rasa daban yake da duk wannan, kuma ba a iya ɗora shi a kan kasuwa ko Landan ko magina. Shekarun da majalisa ta yi hankalinta na kan karɓar aiki da shari'a da biyan bashi, ta ɗauki hanyar a matsayin gini da za a kammala. Tun ranar 7 ga Agustan 2011 ta zama abin da ake gudanarwa kullum, kuma hanyar gefen da aka yi domin masu gyara ta cika da 'yan makaranta da masu keke. Garin da ke bakinta har yanzu bai kai rabin rabin girman da aka tsara masa ba, sauran gidajen kuma duk a kan wannan layin za su zuba mutanensu.